Mangwaron da Ya Riga Gwamnati Ƙaura

Duk wanda ya zauna a Kurudu ya san Dokta Yamusa, mai binciken itatuwan marmari, kuma duk wanda ya san shi ya san labarin wandonsa. Shi kansa ya gaji da musu. Idan aka taso da zancen, sai dai ya gyara tabarau ya ce, "Ku dai faɗe shi daidai."

To, ga shi daidai.

Wata Asabar ce da hantsi, cikin watan Afrilu na 1984. Matan zumunta na coci, su wajen ashirin, sun sha ankonsu, suna zaune a gindin wani ƙaton mangwaro a tsohon ƙauyen su Yamusa suna rera waƙa. Taron ban kwana ne, don jibi Litinin katafila za ta zo ta share ƙauyen, a shimfiɗa titin sabon birnin tarayya. Suna tsakiyar baiti sai ganye ya fara zubo musu a ka. Sai takalmi ƙafa ɗaya. Sai ga mutum sukutum ya sulmiyo daga kan reshe, da riga mai dogon hannu da biro uku a aljihu.

Jajayen cinnakun nan ne na kan mangwaro, masu ɗinke ganye su yi gida. Dokta ya zauna musu a kan gida bai sani ba, su kuma ba su tsaya tambayar digirinsa ba, suka bi ta ƙafar wando suka haura.

Ya diro yana wata rawa da ba a taɓa koya wa kowa a coci ba. Hannun dama a sama, ya damƙe wasu 'yan rassa kamar mai riƙe da tuta, na hagu yana kokawa da bel. Kafin shugabar zumunta ta ce a rufe ido, wando ya riga ya kai ƙasa.

Mahaifiyarsa, Mama Naomi, tana cikinsu, ita ce ma mai buga tulu. Ta dube shi sama da ƙasa, ta juya wajen matan ta ce, "Ku ci gaba da waƙa. Ba wani sabon abu a nan, ni na yi masa wanka."

Mutane sukan tsaya a nan su yi ta dariya har da hawaye. Amma mu da muke katanga ɗaya da shi mun san abin da ake mantawa: duk cizon da ya sha, bai saki rassan nan ba. Ko ɗaya bai taɓa ƙasa ba. Kuma sai ka san dalili kafin ka san wane ne Yamusa.

An haife shi a wannan ƙauyen na Gbagyi da ke gindin dutse. Ba sai an faɗi sunan ƙauyen ba, ko an faɗa ba za ka same shi ba, motoci ne ke gudu a kansa yau. Mahaifinsa Filibus manomin doya ne. Yana ango ya yi tafiya Minna, can wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya ba shi mangwaro guda ɗaya. Ya sha, ya ji abin da bai taɓa ji ba, ya jefa ƙwallon a aljihu. Da ya dawo, amarya Naomi na jiran tsarabar zane, sai ya miƙo mata tsotsattsen ƙwallon mangwaro. Ta yi fushin kwana biyu, rana ta uku ta shuka shi a bayan ɗaki.

Itacen da ya fito, babu irinsa a duk yankin. Ba shi da zaren nan mai maƙalewa a haƙori, ƙwallonsa siriri kamar tafin jariri, ga ƙanshi da in aka yanka ɗaya a gida, maƙwabta za su leƙo su yi gaisuwar da ba su yi niyya ba. Filibus ya rasu Yamusa yana aji uku na firamare. Da wannan mangwaron Naomi ta yi wa ɗanta makaranta. Takan cika ƙwarya ta ɗora a kafaɗa, yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya, ta taka har kasuwar Abuja ta da, wadda yanzu ake ce wa Suleja tunda aka ari sunanta ba a mayar ba. Kullum da safe kuma, kafin ta gaida kowa, sai ta dafa jikin itacen ta ce masa ina kwana.

Yaran ƙauye in sun sha mangwaro jifa suke yi da ƙwallon. Shi Yamusa dutse yake samu ya fasa, ya zauna yana kallon cikinsa kamar an ce masa akwai wasiƙa. Tun yana ɗan shekara goma ya lura da wani abu: ƙwallon mangwaron gida na kowa da kowa, in ka shuka, tsiro uku ko huɗu yake fitarwa. Na babansa kuwa tsiro ɗaya tal. Ya tambayi malaminsu dalili, malamin ya ce ya je ya share aji. Wannan tambayar ce ta kai shi sakandare, ta kai shi jami'a a Zariya, ta wuce da shi Ibadan, har ta tsallaka da shi teku shekara uku. Ya dawo da tabarau da amsa. Mu da muka bar makaranta a aji huɗu har yanzu muna mamaki: mutum ya shiga jirgin sama a kan ƙwallon mangwaro.

A Ibadan ya auri Margaret, malamar asibiti 'yar wajen Kafanchan, mace mai haƙurin da ya kamata a rubuta a jarida. Ita ce ta ba mu labarin cewa ranar da ya fara zuwa zance wajenta, minti biyar ya yi da ita, ya yi awa guda da itacen lemon gidansu.

A 1976 aka ce za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas a kawo shi nan tsakiya. Da farko mutane dariya suka yi, wa zai baro teku ya zo cikin ciyawa? Sai ga masu awo da turakunsu, sai ga manyan motoci. A 1983 aka turo Yamusa wata gonar gwaji ta gwamnati kusa da Yangoji, shi kuma ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi: ya riga katafila isa kowane ƙauye. Duk inda ya ji za a share, sai ya hau babur ya je ya tambayi tsofaffin mata wane itace ne yara suka fi sata. Wannan shi ne awonsa na farko, kuma ya ce bai taɓa ba shi kunya ba. Lemo, gwaiba, mangwaro, fiya, duk wanda yara suka fi damu, sai ya yanko reshensa ya kai Yangoji ya yi masa aure.

Ga wanda bai sani ba, auren itace ba da goro ake yi ba. Za ka samu ɗan dashen mangwaro na banza mai kaurin fensir, ka datse kansa, ka tsaga. Ka fiƙe reshen mai daɗin kamar bakin gatari, ka cusa a tsagin, ka naɗe da leda tam. In sun kama juna, ƙasa na banza ne, sama kuwa itacen nan ne mai daɗi, shi kansa, ba ɗansa ba. Dokta yakan yi wannan bayanin da Turanci na awa biyu. Abin da ke ciki ke nan.

Direbobin katafila har sun san shi. In sun hango babur da mutum mai tabarau sai su kashe inji su ce, "Oga Reshe ya zo, a ba shi minti goma." Shi kuwa murna kamar yaro ranar Kirsimeti. Yakan dawo gida da ƙaya a gashi yana kiran matarsa tun daga ƙofa: "Maman Vivian, yau na samo wata gwaiba, fara ce a waje, ja a ciki, ba iri ko ɗaya." Ita kuma ta ce, "Madalla. Ka samo gishirin da na aike ka?"

Yana can yana ceton itatuwan mutane, ashe layi ya zo kan ƙauyensu. An ce sai baɗi, sai kawai aka aiko ranar Alhamis cewa Litinin ne.

Nan Kawu Zakariya ya shigo labari. Ƙanin Mama Naomi ne, manomin doya da dawa, dattijon coci, mutumin da bai taɓa cewa "ban sani ba" tunda aka haife shi. Lokacin mangwaro ne, itacen ya yi 'ya'yansa na ƙarshe. Kawu ya sa aka sha, ya tara ƙwallayen a buhu, ya tsaya yana raba wa kowane gida, kowa ya shuka a inda zai koma.

Yamusa ya iso a guje ya same shi a kan buhun.

"Kawu, wannan ba zai fito da irin na Baba ba."

"Ƙwallon wane itace ne?"

"Na Baba ne, amma..."

"To na wa zai fito? Na Fasto?"

Mutane suka yi dariya. Yamusa ya durƙusa ya fasa ƙwallo ɗaya ya nuna masa. Ya ce mangwaron gida mai tsiro da yawa shi ne yake ɗauko uwarsa sak, shi ya sa Kawu bai taɓa ganin ƙwallo ya saɓa ba. Wannan kuwa mai tsiro ɗaya ne, rabinsa na uwa, rabinsa na duk itacen da ƙuda ya kwaso garin furensa ya kawo, kuma duk itatuwan da ke kewaye masu tsami ne da zare.

Kawu ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Yaya Naomi, kin ji abin da kika biya. Shekara ashirin yana karatu, ya dawo ya ce ƙuda ne uban mangwaro."

Mama Naomi ba ta yi dariya ba. Ta kira ɗanta gefe ta ce, "Ni ban san ƙuda ba, ban san tsiro ba. Gida za su rushe, a gina wani. Kabarin babanka ma an ce za a tone a mayar. Amma wannan itacen shi ne abin da ya kawo mini da hannunsa. Ina so in sake shan sa kafin in bi shi. Kai ko kawunka, duk wanda zai iya."

Shi ya sa ranar Asabar ya hau itacen da kayan ofis, ko gida bai biya ya sake ba. Shi ya sa kuma da cinnaku suka ba shi zaɓi tsakanin mutuncinsa da rassan nan, bai yi dogon tunani ba.

Reshen da aka yanke ba ya jira. In rana ta buge shi, kafin yamma ya zama itacen hura wuta. Mama Naomi ta juye ruwan tukunyarta ƙirar ƙauyen Ushafa, mai sanyin nan, aka zuba jiƙaƙƙen yashi, aka jera rassa sittin a ciki, aka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Margaret, wadda ita ma ta zo taron ban kwanan, ta hau bayan babur ta rungume tukunyar kamar jariri. Hanyar Yangoji a lokacin ba hanya ba ce, shawara ce. Duk rafin da suka tsallaka sai ya tsaya ya yayyafa wa buhun ruwa. Shi kuma ga kumburin cizo, bai iya zama daidai a kan sirdi ba, a tsaye ya tuƙa rabin tafiyar. Margaret ta ce mutanen ƙauyuka sun yi ta ɗaga musu hannu, sun ɗauka wasan babur ake yi.

Suna isa ya zare wuƙarsa ya hau aiki, bai ɗago ba sai da ya ɗaura sittin ɗin duka. Ranar Litinin katafila ta tura itacen Filibus. Mama Naomi ba ta je kallo ba.

Daga nan sai jira. Kullum da sassafe Dokta yana tsugune a gaban layin dashe da gilashin ƙara girma, yana leƙen idon kowane reshe. An yanke su a gaggauce, ba a shirya su yadda ya kamata ba, ya san da yawa ba za su yi ba. Sati na uku wasu suka yi baƙi. Sati na huɗu, ranar wata Talata, ya ga wani ɗan jan ganye kamar kunnen ɓera ya ɓullo. Ma'aikatan gonar sun ce ya yi tsalle ya rungume mai gadi. Goma sha ɗaya ne suka kama.

Yawancin mutanen ƙauyen Kurudu suka komo, shi ma ya gina ɗan gidansa a nan ya ɗauko mahaifiyarsa. Da damina ta zagayo ya raba goma wa gidaje goma, ya dasa ɗaya a tsakar gidansa. Ya yi wa kowa bayani har da zane a ƙasa: duk tsiron da ya fito ƙasa da ɗaurin, a karye shi, na banza ne. Kowa ya ce ya gane. Sai aka tura shi kwas na wata shida.

To, manomi manomi ne. In dawa ta fito biyu a rami, mai ƙarfin ake bari, a cire ragon. Haka kakanni suka yi, kuma ba su kwana da yunwa ba. Dashen Dokta suka fitar da tsiro daga gindi, kore shar, masu kauri, suna tashi kamar ana jan su, reshen auren kuwa yana nan a ƙanƙame da 'yan ganye huɗu. Kawu Zakariya ya zagaya gida goma da wuƙarsa, don taimako. A kowane gida ya datse ragon ya bar ƙaƙƙarfan.

Da Yamusa ya dawo ya ga itatuwa goma sun yi kyau sun kai ƙugu, ya duba gindinsu ɗaya bayan ɗaya, sai ya nemi dutse ya zauna.

"Ka ga yadda na gyara maka su," in ji Kawu. "Da na bar su da ciwon nan da ka naɗe da leda, da tuni sun mutu."

"Kawu, ciwon shi ne mangwaron."

"To ai ga mangwaro nan tsaye."

Na tsakar gidansa kaɗai ya tsira, shi ma don Margaret ta kulle ƙofa ta ce maigida ba ya nan. Ɗaya tal ya rage a duniya.

Daga ranar, wannan ɗan itacen ya fi hakimi gata. An kewaye shi da waya saboda awaki. An yi masa laima da zana. Ana auna tsawonsa duk Juma'a a rubuta a littafi. Vivian, 'yarsu, ta taɓa cewa ita ba a taɓa auna ta haka ba.

A ƙarshen 1987 ya yi furen farko. Mama Naomi ta fito da safe ta gani, ta yi guɗa, ta aika a gaya wa matan zumunta. Kafin su iso, Dokta ya bi furen nan ya tsinke tas.

"Yamusa, me na gani?"

"Mama, bai yi ƙarfi ba. In ya ɗauki 'ya'ya yanzu, zai iya karyewa daga ɗaurin. Kuma rassan nake so, in ƙara aura wasu. In wannan ya mutu yau, shi ke nan, babu wani."

Baɗi ya sake fure, ya sake tsinkewa. Baɗin waccan ma haka. Duk reshen da ya isa yanka, sai ya yanke ya ruga Yangoji. Ya rantse ba zai bar shi ya haihu ba sai ya ga 'ya'yan aurensa sun kafu a wuri uku daban-daban, inda wuta ɗaya ko wuƙar kawu ɗaya ba za ta gama da su ba. Itacen ya zama kamar kan da wanzami ɗan koyo ya aske. A ɗaya gefen kuma, itatuwa takwas da Kawu ya shuka daga ƙwallo sun yi tsawo sun yi inuwa, har ya sa benci a ƙarƙashi. Duk wanda ya wuce sai ya kira shi ya nuna masa: "Ga na jahili. Leƙa gidan Dokta ka ga na mai ilimi."

Mu ma maƙwabta ba mu bar shi ya huta ba, gaskiya. Mukan leƙa ta katanga mu ce, "Dokta, a kawo wa mara lafiya kunu?"

A fure na huɗu ne Mama Naomi ta tare shi a gindin itacen, hannunsa cike da furen da ya tsinke. Ta riga ta fara dogara sanda.

"Kana jira itace ya yi ƙarfi," ta ce. "Ni kuma ƙarfin nawa kullum raguwa yake. Ka auna shi duk Juma'a. Ni ka auna ni?"

Da daminar 1991 ta kwanta ciwo sati shida, Margaret ce ta yi ta fama da ita. Lokacin kuwa dashensa sun kafu a Yangoji, sun kafu a wata makaranta a Bwari, sun kafu a lambun wani abokinsa Hadi a Gwagwalada. Ya shiga ɗakinta ya durƙusa ya ce, "Mama, bana ba zan taɓa shi ba." Ta ce, "Sai ka sa hannunka a aljihu, don na san shi."

Ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta tare a Abuja. Duk Kurudu ta watse, an cika motoci an tafi kallo, masu rediyo sun ƙure murya, yara na ta gudu da tuta. Aka biyo wa Dokta, an ma aiko masa da katin gayyata na ma'aikata. Ya ce su je, yana da baƙi. A wannan satin itacen ya fashe da fure tun daga sama har ƙasa, kuma da gaske yana da baƙi: ƙudaje. Ya ɗauko kujera ya zauna, hannu biyu a aljihu, yana kallon su suna sauka suna tashi, fuskarsa kamar shi aka naɗa. Da 'yan kallo suka dawo suna ba da labarin jerin motoci, ya ce, "Ni ma na ƙirga ɗari da goma sha biyu a reshe ɗaya."

Abin daɗin, a wannan shekarar ce itatuwan Kawu su ma suka yi furen farko. Unguwa ta ɗauki zafi. Aka rabu biyu, har masu shayi suna gardama. Wata uku ana leƙen katanga biyu. Na Kawu suka yi 'ya'ya jingim, rassa har ƙasa. Na Dokta guda talatin da bakwai, ya san kowanne, saura kaɗan ya raɗa musu suna.

Wata Lahadi a ƙarshen Maris, bayan an taso coci, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Dokta. Matan zumunta suka zo, har da waɗanda suka ga abin da suka gani a 1984. Aka fito da Mama Naomi aka zaunar. Kawu ya shigo da kwando a kafaɗa, ya ce babba shi ke fara ba da nasa.

Ya zaɓo mafi ja, ya wanke da kansa, ya miƙa mata. Ta gatsa. Ta tauna a hankali. Sannan ta sa yatsa biyu ta fara zaro zare daga haƙoranta, waɗanda ba su fi shida ba, tana ja kamar mai warware bakin buhu.

"Zakariya," ta ce, "wannan a kai wa tela."

Kawu ya ce wannan itacen gefe ne, a gwada na tsakiya. Aka gwada. Aka gwada takwas ɗin duka. Wani tsami, wani warin kananzir, ɗaya dai ba laifi in mutum yana jin yunwa.

Sai Yamusa ya ɗauko nasa. Margaret ta karɓi wuƙa ta yanka. Tun kafin a miƙa, ƙanshin ya zagaye tabarma, tsofaffin matan suka dubi juna. Mama Naomi ta sa yankan a baki ta rufe ido.

Sannan ta miƙa hannu ta dafa jikin ɗan itacen nan mai askin banza, ta ce, "Filibus, ashe ka iso. Ina kwana."

Mai tulu ta buga, waƙa ta tashi, aka yi ta rawa har ƙura ta rufe wayar awaki. Dokta ya cire tabarau yana gogewa, ya ce hayaƙin kicin ne, alhali ba a hura wuta ba. Mama Naomi ta sha uku a zaune, ta ɓoye biyu a zani. Ta ƙara shekara biyar a duniya, kuma kowace bazara ita ke fara sha.

Daga baya wannan mangwaron ya bazu, sunan Naomi ake kiran sa da shi a lambuna da dama. Dokta ya yi ritaya da littattafan awo cike da kwali tara da itatuwa iri-iri da ya ƙwato daga bakin katafila, ya koya wa ɗaruruwan manoma aure, mata sun fi yawa, don ya ce su suke sauraron bayani har ƙarshe. Amma duk wannan daga baya ne.

A wannan yammacin, ana cikin rawa, Kawu Zakariya ya matso kusa da shi yana tsotsar ƙwallon na Dokta, na biyu ke nan.

"Yamusa, waɗannan takwas ɗin nawa. Sare su za a yi?"

"A'a, Kawu. Gindinsu lafiyayye ne. Za mu datse su daidai kafaɗa, in sun yi sabon tsiro mu aura musu wannan. Shekara uku ka sha."

"To ai sai ka hau ka yanko mini reshen."

Dokta ya ɗauko tsani ya jingina. Kawu ya ɗaga kai, ya hango wani ƙullin ganye a sama da jajayen cinnaku suna kai da kawo. Ya ga dama ta samu, don mutum irin Kawu ba ya barin fili haka nan. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Mata, ku juya baya. Dokta zai hau mangwaro."

Tsakar gida ta kece da dariya, har mai tulu ta rasa kiɗa. Yamusa ya bari suka gama. Ya tura ƙafafun wandonsa cikin safa, ya taka matakin farko, sannan ya waiwayo.

"Kawu, ni minti biyar na yi ba wando, a gaban mata ashirin. Kai shekara takwas ka yi kana yi wa tsami ban ruwa a gaban Kurudu gaba ɗaya, har da benci. Riƙe mini tsani."